Jirgin Japan ya haɗa ƙanina da Ummi

"Ni Basiru zai katse wa kira? Ni?" Haka na tarar da Ummi, mahaifiyarmu, tana ta faɗa a gidanmu na unguwar Mansur, waya a hannu.

Basiru ƙanina ne, yana karatu a Japan. Kullum jirgin ƙasa na lantarki yake hawa zuwa makaranta, kuma a can abin kunya ne mutum ya amsa waya cikin jirgi. Na san da haka sarai. Amma da yake shi ne ɗan lelen gida, sai na ce, "Ummi, ai yaro ya waye."

Can sai ga bidiyo ya turo don ya wanke kansa. Jirgi cike maƙil, kowa ya sunkuyar da kai, ko tari babu.

Ummi ta dafe ƙirji. "Inna lillahi! Wa ya rasu?"

Na ce lafiyarsu ƙalau, aiki za su.

Ta ce, "To khalas, shi ke nan. Gobe in na kira, ya miƙa wa direban. Ni zan gaya masa wace ce uwa."

Jama'a, ku ba Basiru shawara. Yana can cikin jirgi yana karanta abin da kuke rubutowa, bakinsa gum.