Acan Mai Wanki Da Guga

Faɗan farko da ɗan yayana ya yi bayan ya dawo daga ƙasar waje, a kan shara ya yi shi, kuma uwarsa ce ta kayar da shi. Ya sayo manyan bokitai uku masu murfi, ya jera su a tsakar gida, ya tara mu kamar za a raba gado. Ya ce wannan na roba ne, wannan na takarda, wannan na ragowar abinci, haka ake yi a can.

Inna, uwar tasa, ta buɗe kowanne ta leƙa, ta ƙwanƙwasa gindinsa. Ta ce, "Waɗannan sababbin za ka zuba wa shara, ni ina ajiye ruwa a wanda ya tsage?"

Ya ce, "Inna, a can in kika haɗa su, tara za a ci ki."

"To mai kwasar shararmu, baro nawa gare shi?"

"Ɗaya."

"Ka raba uku, ya zo ya haɗe maka su wuri ɗaya, ka yi masa godiya. Ashe karatun da ka je ka yo ke nan."

Kafin azahar, bokitai biyu sun koma na ruwa, na ukun matarsa ta juye shinkafa a ciki. Tun ranar unguwa ta raɗa masa suna Acan, har yara na gaishe shi da Baba Acan, yana amsawa.

Ni gwaggonsa ce, na yi masa wanka yana jariri, don haka ba abin da zan faɗa a kansa ya kai ni ƙara. Ya tafi ɗansa na fari, Dogo, yana rarrafe, ya dawo ya tarar da shi da gemu. Abin da ya shigo da shi akwati biyu ne, da ciwon baya, da wani ƙaton dutsen guga mai fitar da tururi. Da shi ya buɗe shago tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Shagon in ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango da bango: tebur mai tsohon bargo, injin wanki a kusurwa, riguna rataye a igiya suna shafar kansa. Aikinsa kam ba a kushe shi. Kwalar riga in ta fito daga hannunsa, sai ka ji tsoron sa wuyanka.

Bakinsa ne matsalar. A can bas ba ta jiran kowa. A can maƙwabci ba ya zuwa aron tsani ya riƙe. A can in an ce maka Alhamis, Alhamis ce, ba kamar masu kawo masa wanki ba, da wani zai zo tun Litinin yana tambaya, wani kuma sai ya manta yana da wando. Na taɓa ce masa, "Ɗan nan, sauron can ma na san sai ya yi sallama yake cizo." Bai yi dariya ba, cewa ya yi a can babu sauro.

Wata rana wani direba da suka zauna tare a waje ya zo gaishe shi, ya ji sunan da muke kiransa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce a can kullum zancen Acan a gida kaza, a gida kaza, har sun gaji da jin labarinmu. Na dubi ɗan yayana, ya sunkuyar da kai yana ninke riga. Ashe mutumin nan duk inda ka ajiye shi, ɗaya wajen yake kallo.

Matarsa ce ta tsegunta min sauran. Ta ce, "Gwaggo, kullum da safe sai ya yaye zanin gadonsa ya naɗe, ya cusa a jaka har da matashi. Na yi magana na gaji." Na same shi a shago na tambaye shi. Ya daɗe yana fesa wa riga ruwa kafin ya ce gadon can ba nasa ba ne shi kaɗai. Yana tashi wani ke dawowa daga aiki ya kwanta, katifar ba ta taɓa hucewa ba. Aikin kuma a ƙarƙashin wani otal ne, inda babu taga, zanin gado na shigowa a amalanke, ba ya ƙarewa.

Na ce, "To me ya hana ka faɗa wa iyalinka?"

Ya ce, "Gwaggo, in na cire 'a can' daga bakina, me na dawo da shi? Ciwon baya?"

Komawa ba ta yiwuwa, takardunsa sun mutu, bayansa ma ba zai ɗauka ba. Zaman nan kuma kullum kamar a bakin kujera yake yin sa. Da abin ya tsaya a kansa, da sai mu ci gaba da tsokanarsa har mu mutu. Sai ga Dogo ya ce shi ma can za shi.

Yaron bai yi laifi ba. Tun da uban ya dawo ake zuba masa 'a can' a kunne safe da yamma. Abin da yake nema ɗaya ne, lambar mutumin da ya karɓi ubansa a waje, don shi ma ya sami wurin sauka. Uban ya ce lambar ta ɓata. Da aka matsa ya ce mutumin ya tashi daga garin. Duk dalilin da ya kawo, da maganarsa ake rufe masa baki. In ya ce akwai wahala, matar ta ce, "Ba kai ka ce ko mai shara a can yana da mota ba?" Inna ma ta ce a bar yaro ya je ya gano wa idonsa. Ni na ce wa Dogo, "Mijin nawa, ka tafi ka bar ni da wa?" Ya ce zai aiko min da haƙoran roba.

Ranar da aka yi ta ta ƙare, na kai mayafina guga, wanda ba na biya. La'asar ce, shagon kamar tanda. Dogo na tsaye a bakin ƙofa ya tare iskar, uwarsa na bayansa, uban na guga bai ɗago ba. Dogo ya ce shi ba kuɗi ya roƙa ba, lamba kawai. Uban ya ce a bari a gani. Dogo ya ce ganin me, tun bara ake gani.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, injin wanki ya yi shiru da kayan mutane a ciki, mai aski ya fito da wani da rabin kai yana tsaki.

Dogo ya ce, "Ka gani ko, Baba? A nan kake so in tsufa? Kai da bakinka ka ce duk zamanka a can ba a taɓa ɗauke wuta ba."

Acan ya jingine dutsen gugar, ya dafa ƙugu, ya zauna a hankali a kan benci.

Ya ce, "Ba a taɓa ba. Ranar da aka bugo min waya kakanka ya rasu, sai da na roƙi Allah a ɗauke ta ko na zauna, ba a ɗauke ba, a tsaye na gama zanin gadon mutane. Lambar na nan, ba zan ba ka ba. Matsa daga ƙofa mu sha iska."