Yumɓun Iya Fanna da Motar Kofur Sale

Ranar gashin tukwane ita ce ranar labari a gidanmu na Haɗeja. Kakata, Iya Fanna, maginiyar tukwane ce, kakana kuma maƙeri. In ta jera tukwanenta a bayan gida ta rufe su da kara da busasshen kashin shanu ta cinna wuta, ba ta barin wurin sai wutar ta kwanta. Mu jikoki mukan kewaye ta daga la'asar har bayan magariba, muna gasa gyaɗa a gefen toka, ita kuma tana gyara wuta da doguwar sanda. A ƙarshen zamanin Turawa ne wannan. Tatsuniyoyi tana da su jingim, amma wanda muka fi roƙonta shi ne labarin motar Kofur Sale, don in tana ba da shi har muryarta takan sauya.

"Ga ta nan," takan ce, "sai dai wannan ba ƙarya a cikinta, da hannun nan aka yi ta."

Kofur Sale tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Bama. Ya sayi wata ƙatuwar motar soja mai shan gas, irin waɗanda aka yi gwanjonsu bayan yaƙi, yana jigilar bandar kifi daga ƙauyukan fadama zuwa tashar jirgin ƙasa. Wata ranar kasuwa Iya ta jera aikinta na wata biyu a bakin hanya, randuna da tuluna da tukwanen miya. Kofur ya zo juya mota, ya bi ta kansu da baya, ƙafafun motar suka niƙe su kaf. Ta tsaya gabansa. Ko saukowa bai yi ba, ya leƙo ta taga ya ce, "Ke baiwar Allah, ai ƙasa ce. Je ki ɗebo wata a kogi." Mutane suka yi dariya, ya ja motarsa.

A nan Iya takan soki wutar da sanda sai tartsatsi ya tashi. "Ban yi kuka ba," takan ce. "Na dai ajiye shi a raina."

Da damina ta yi nisa, motar ta faɗa wani rami a fadama, tafiyar rabin yini daga gari. Ƙarfen da dainamo ke zaune a kai ya karye, dainamon ya faɗa taɓo ya lalace. Dainamo shi ne abin da ke ba batir wuta, kuma a kansa ake ɗaura fambel, wato bel ɗin da ke juya fankar injin. In babu shi fanka ba ta juyawa, injin sai ya tafasa kafin a yi nisa. Kofur ya hau jirgi zuwa Kano ya samo wani dainamon na wata motar sojan, amma kunnuwan da ake ɗaure shi da su dabam ne, dole a ƙera masa sabon mazauni. Ga kogi ya soma hawa, kullum ruwa na matsowa wajen motar.

Ya zo maƙerar kakana da dainamon a kafaɗa. To dainamo dai ga shi, amma inji ba ya ɗaukuwa, kuma sai an san daidai inda ramukan noti uku suke a jikinsa. Kakana kuwa kurkunu ya kama masa ƙafa, ko ƙofar gida da ƙyar yake kaiwa. Sai ya ce maiɗakinsa za ta je da yumɓu ta manna a jikin injin ta ɗauko masa siffar wurin, ya ƙera a kanta.

Iya ta fito. Kofur ya dube ta sama da ƙasa, ya gaishe ta, bai gane ta ba. "Wannan ya fi fasa tukwanen ciwo," in ji ta. "Ni ina kwana da fuskarsa ina tashi da ita, shi ko tawa bai riƙe ba."

Duk maginiya ta san yumɓu yana tsukewa in ya bushe. Shi ya sa ake daka tsingaro, wato fasassun tukwane, a gauraya da shi, don ya tsaya yadda aka bar shi. Iya ta ɗebi tsantsar yumɓun bakin kogi, ko ƙwayar tsingaro ba ta sa ba. Ta je ta manna, ramuka uku suka fito tsaf, ta dawo ta shanya shi a rana yini guda, sannan ta miƙa wa kakana. Ya kwana biyu yana dukan ƙarfe, ya huda daidai inda yumɓu ya nuna. Kofur ya kai fadama. Noti ɗaya ya shiga, biyu suka kauce da faɗin ɗan yatsa. Ya dawo yana kumfar baki, aka sake aiken Iya, ta sake yin yadda ta yi, kakana ya sake kwana biyu yana ƙira. A lokacin ruwa ya taɓa ƙafafun motar, kifin da ke cikin kwanduna ya fara tsutsa.

Karo na biyu da Kofur ya zo ya jefar da ƙarfen a maƙera, kakana ya ɗauki busasshen yumɓun ya karya gefensa, ya duba ciki, ya daɗe yana kallon ƙofar cikin gida. Sannan ya ce, "Kofur, ni abin da aka ba ni na ƙera. Ka tuna ko akwai wata mai tukwane da ka taɓa a kasuwa."

Ya tuna. Ya yi sallama ya durƙusa daga nesa ya ce, "Uwargida, ki yi wa Allah ki yafe. Motar nan ita ke nan gare ni."

Ta ce, "Ai ƙasa ce, Kofur. Amma ba ta tsayawa sai da tsingaro, ni kuma ba na daka yau."

Aka fito da turmi tsakiyar unguwa, ta zuba masa fasassun tukwane. Soja guda, da takalmansa na yaƙi, ya kama taɓarya yana daka, mata na leƙe ta kan danga, masu wucewa suna tsayawa. Da ya ce ya yi, ta murza garin tsakanin yatsu ta ce da saura. Sau uku tana mayar da shi. Washegari ta kwaɓa yumɓu na gaskiya, ta ɗauko siffar, ta kawo ta a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Kakana ya ƙera a kanta, noti uku suka shiga kamar an haife su a wurin, aka ɗaura dainamo, aka ja fambel, motar ta fito ruwa na lasar gindinta.

Muna yara mukan yi tafi a nan. Da na girma na yi ta neman darasin haƙuri a cikin labarin, don an ce labarin tsofaffi ba ya rasa shi, ban samu ba. Abin da na samu shi ne kada ka kira aikin hannun mutum banza a gaban jama'a, don ba ka san ranar da za ka buƙaci abin da hannun ya sani ba. Na kuma gane cewa kakana ya yi kwana huɗu a bakin wuta da kumburarriyar ƙafa a kan aikin da matarsa ta san ba zai shiga ba, abin da Iya ba ta taɓa tsayawa a kansa ba. Gaskiya zuciyarta na gada, kuma ba kullum take yi mini rana ba.

Da ta tsufa tukuf, hannu ya daina riƙe yumɓu, na zauna kusa da ita na tambaye ta ko ta taɓa yin nadama.

"Na yi mana," ta ce. "Na yi saurin yafe masa. Da na ƙara kwana biyu, da kogi ya gama mini aikin."