Ranar da Likkafanin Kawu Ya Hau Dandamali

Ban taɓa son wasan kwaikwayon da ake waƙa a cikinsa ba. Mutum na tsakiyar magana lafiya lau, sai ya ware hannuwa ya ɓarke da waƙa, waɗanda ke kusa da shi kuma, maimakon su tambaye shi ko lafiya, sai su taya shi. Amma ɗiyata ce a ciki, ita kaɗai Allah ya ba ni, don haka wata Asabar na shiga jirgin ƙasa daga Paris zuwa Lyon, ni da kawuna.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, mutumin Maraɗi, kuma ya riga mu duka zuwa Faransa. A kasuwar Rungis ya ƙarar da ƙarfinsa, yana saɓa cinyoyin shanu a ɗakunan sanyi, har sanyin ya zauna masa a gwiwa. Yana kwana a fwaye, irin gidan nan na ma'aikata maza da iyalinsu ke can gida. Shekarar da ya ajiye aiki ya sauke farali. Da ya dawo ya zo gidana da dabino da tasbaha, ya jira maigidana da yarinyar suka fita daga falo, sannan ya zaro wani ƙunshi daga jakarsa.

Ya ce, "Wanga likkafanina ne. Da hannuna na jiƙa shi da zamzam, na shanya shi bisa soron masaukinmu. Ɗakina akwai danshi, kuma ran da na hwaɗi ban san wa za ya buɗe akwatina ba. Ke za ki aje mini."

Farin alawayyo ne mai yawa, ba a yanka ba. Ya ɗan warware ya nuna mini wani layin tsatsa, tsawonsa ya kai kamu ɗaya, ƙarshensa a lanƙwashe, wanda ƙarfen shanya ya bar masa. Ya ce ba komai, wanda za a sa a ciki ma ba sabo ba ne. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Na cusa ƙunshin a can ƙasan kabad, na danne shi da zannuwan gado da tsofaffin labulaye. Ban gaya wa kowa ba. Ni mai tsoron zancen mutuwa ce, ko makara na gani a talabijin sai na canza tasha. Ɗiyata kuwa tana da shekara huɗu muka zo da ita ƙasar nan. Mutuwar gida ta waya take iso mana, don haka ta girma ba ta taɓa sa ido a kan likkafani ba, ni kuma ban ga dalilin nuna mata ba.

Shekaru bakwai suka wuce. Ta shiga makarantar injiniyoyi a Villeurbanne, a gefen Lyon. Wani hutu ta zo gida, ina wurin aiki a ɗakin gwajin jini, hannuwana duka cike, ta kira ni. Ta ce, "Maman, farin yadin nan na ƙasan kabad, in ɗauka? Don wasanmu ne." Hankalina ya tafi kan tsofaffin labulaye. Na ce, "Ɗauki, ki ƙyale ni in yi aiki." Gaskiyar da ba ni da inda zan ɓoye ta ita ce na manta. An ba ni amanar da ta fi kowace amana, na ɗora mata zannuwan gado, na manta.

Wasan na ƙarfe uku na rana ne. Daga tasha muka hau taram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, har cikin jami'a. Kawu ya sha babbar riga da kwat a kanta, yana riƙe da ledar dabinon da ya kawo wa amaryarsa. Haka yake kiranta tun tana ƙarama, wasan kaka da jika, ita kuma ta ce masa ango ko da a gaban wa. Aka ba mu kujera a layi na uku, kusa sosai, har muna jin ƙamshin fentin da bai gama bushewa ba.

Ɗaliban da kansu suka rubuta labarin. Wai a da can akwai mata masu wankau a kogin Rhône, a cikin jiragen ruwa da aka ɗaure a gaɓa. Wata daga cikinsu ta zame ta faɗa ruwa, ba ta fito da rai ba, sai ta riƙa dawowa don ta ƙarasa wankin da ta bari. Rabin farko duk raha ce. Jirgin nasu na kwali ne, duk wanda ya taka da ƙarfi sai ya karkace. Wani dogon yaro da ya fito a matsayin mai jirgi gashin bakinsa na manne ya faɗi sau biyu, a na biyun ya ɗauka ya sa a aljihu ya ci gaba da waƙarsa. Mai busa ƙaho kuwa ko dai ya riga kowa ko ya zo bayan an wuce. Ƴan mata takwas suna bugun wanki da katako, bugun ne ya zama kiɗan, kuma wannan kam ya burge ni, don ya yi kama da luguden daka. Kawu yana ta dariya. Faransancin kasuwa ya iya, na waƙa ba ya kama shi, sai ya riƙa zungurata yana tambaya. "Mi suka ce? Mi ya sa wancan ke kuka da waƙa?" Ɗiyata ba ta fito ba tukuna. Wata yarinya ce ta fito a matsayin mai wankin kafin ta nutse, ita kuma aka bar mata abin da ya biyo baya.

Bayan hutun rabin lokaci aka rage fitilu, aka bar wani haske shuɗi. Duk kayan kiɗa suka yi shiru sai ƴar gogen nan ta Turawa, ita kaɗai, can ƙasa-ƙasa. Samari huɗu suka shigo da katako a kafaɗa, a kansa mutum kwance, an lulluɓe shi da fari tun daga kai har ƙafa. Na ji Kawu ya ce "Inna lillahi" a hankali, kamar yadda kowane dattijo zai ce in makara ta gifta ta gabansa. Suka sauke katakon suka ja da baya.

Abin da ke kwance ya motsa. Ya tashi zaune, ya yaye lulluɓin fuska, sai ga ɗiyata, an shafe mata fuska da farar hoda. An ɗinka yadin doguwar riga mai faɗin hannu, da mayafi, da jela mai jan ƙasa. Tun a nan na ji ba daɗi, don babu uwar da ke son ganin ɗanta a kan kafaɗun mutum huɗu, ko da wasa ne. Sai ta miƙe, ta juya mana baya tana duban kogin. Hasken ya sauka a kanta. Daga kafaɗarta ta hagu zuwa ƙugu ga layin tsatsa, ƙarshensa a lanƙwashe.

Na so in miƙe in yi ihu a tuɓe mata shi, na so in nutse a cikin kujera, ban iya ko ɗaya ba. Ta juyo ta fara waƙa. Ban taɓa jin ta saki muryarta duka ba sai ranar. Tana cewa ruwan da sanyi, tana tambayar wanda zai ninke kayan da ta bari a gaɓa, tana kiran ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, su kuma suna bugun wankinsu ba su ji ta. Zauren ya yi tsit, wata mata a bayana tana jan hanci. Ni kuwa ɗiyata nake gani a cikin likkafani na gaske, wanda aka jiƙa da zamzam don kabari, tana tafiya da ƙafarta. Duk addu'ar da ta zo bakina na karanta, ina roƙon Allah kada ya kama ta da abin da ba ta sani ba, kada wannan ya zama ishara. A tsakiyar tsoron nan kuma ina jin alfahari da muryarta, ina jin kunyar alfaharin.

Ban yarda na dubi Kawu ba. Bara waccan aka yi masa aikin ido, kuma tun daga lokacin yake alfahari da cewa yana karanta lambar bas tun daga nesa. Na zauna ina fatan aikin bai yi kyau ba. Tasbaharsa, wadda tun da muka zauna nake jin ƙas-ƙas ɗinta, ta tsaya.

A ƙarshe ta koma ta kwanta a kan katakon, ta ja mayafin ta rufe fuskarta da hannunta. Samarin suka ɗauke ta suka fita da sauri-sauri, irin saurin masu kai gawa, ko wa ya koya musu oho. Jama'a suka miƙe suna tafi. Kawu bai tafa ba, amma shi dama ba ya tafi.

A farfajiya ta fito da gudu, rigar na jikinta, ta rungume ni, hodar ta shafe mini mayafi. Ta juya gare shi. "Ango, ka ga amaryarka? Ça t'a plu? Ya yi maka?"

Ya kama bakin hannun rigar ya murza tsakanin yatsunsa, kamar mai taya yadi a kasuwa. Ya ce, "Wa ya ɗunka miki?"

Ta ce, "Ni da ƙawata, kwana uku muna yi. Yadin Maman ne, yana da yawa, har ragowar muka yi wa sauran ɗankwali. Akwai wani tabo a baya, sau biyu na wanke da javel, ruwan bilicin nan, ya ƙi fita."

Ya saki hannun rigar. Ya ce, "Ta yi miki kyau, amarya." Ya miƙa mata ledar dabino, har ya tsokane ta cewa ta bar ango ya tsufa tana yawo da masu gashin bakin aro.

A jirgin komawa Kawu ya bari sai da muka bar gari muka shiga gonaki. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Kada ki hwaɗa mata."

Kukan da nake riƙewa tun ƙarfe huɗu ya kuɓuce mini. Na ba shi haƙuri, na ce laifina ne, ni na ce ta ɗauka. Na ce za mu haɗu mu sake tura shi ko umara ce. Ya ce lokotoro, wato likita, ya hana shi doguwar tafiya saboda ƙoda, kuma na sani. Na ce to zan karɓo rigar a warware ɗinkin. Ya ce, "An yanka mishi wuya da hannuwa, an wanke da javel. Bar shi." Can ya ƙara da cewa, "In ta sani, ba ta ƙara buɗe baki ta yi waƙa. Kuma duk ran da ta tuna ni, wanga za ta tuna." Ya mai da fuskarsa taga. Har muka isa Paris ina jiran ya ce ya yafe, bai ce ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na je shagunan yadi na arewacin Paris na sayi sabon alawayyo. Akwai ƴar kwalbar zamzam da wata maƙwabciya ta kawo mini tsaraba, na yayyafa masa, ruwan da ko hankici ba zai jiƙa ba. Na kai wa Kawu fwaye don ya gani. Ya ce, "Aje," idonsa na kan talabijin.

Bayan shekara biyu ya rasu a asibiti, da hantsi. Abokansa na fwaye ne suka zo yi masa wanka, babbansu wani dattijo ɗan Chadi da suka yi aikin hajji tare. Shi ne ma ya riƙe ɗaya bakin yadin ranar da suka shanya shi, Kawu ya sha ba da labarin. Ina tsaye a ƙofar ɗakin wankan, ɗiyata ta iso daga Lyon tana riƙe da hannuna. Dattijon ya fito ya naɗe hannun riga, ya ce mini, "Ɗiyata, ina amanar?"

Na miƙa masa. Ya warware yadin a kan kujera, ya juya wannan gefe, ya juya wancan, ya bi shi da tafin hannu. Na san abin da yake nema. Ya ɗago ya ce, "Shi ne?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Ya daɗe yana dubana. Bai ƙara tambaya ba, ya fara tattara shi.

Ɗiyata ta ce, "Maman, mene ne wannan?" Na ce mata likkafani ne, a ciki ake sa mamaci. Dattijon, don ya ga yarinya ce da ba ta sani ba, ya ce mata kakanta daga Makka ya zo da abinsa, ya ba uwarta ajiya shekara da shekaru. Ta miƙa hannu ta taɓa bakin yadin kafin ya shige da shi. Ta ce, "Irin..." ta tsaya. Na ji hannunta ya saki nawa. Daga ciki muka ji ƙarar yaga yadi, sau ɗaya, sau biyu.

Har yau ba ta tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Tana zuwa hutu, ta gaishe ni da ladabi, ta shiga kicin ta kama wanke-wanke. Yarinyar da a da sai na ɗaga murya na ce ta rage waƙa maƙwabta na ji. Yanzu ina zaune a falo ina kasa kunne, ba na jin komai sai zubar ruwa.