Huɗar Doyar da Ta Kai Mu Rukuni na Ɗaya

Akwai wata Asabar da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma tun da kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in ajiye aiki, ita zan ba ku. A shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama ne, ƙarshen damina. Lokacin ina tankifa a barikin masu gyaran hanya na Kwali. Babu wannan birni da kuke gani yanzu. In an ce Abuja a wancan zamani, garin da yau ake kira Suleja ake nufi, sauran kuwa gonaki ne da duwatsu da rugage.

Ga waɗanda ba su riski tsarin ba, aikin tankifa shi ne kiran suna da safe, da rubuta wanda ya zo da wanda ya nemi izini. A samana akwai foman, a ƙasa akwai leburori da helima mai kula da su. Foman ɗinmu Oga Lasisi ne, mutumin kudu da ya daɗe a arewa, kuma shi ya kafa mana ƙungiyar ƙwallo da muka sa wa suna 'Yan Diga. Ni ban taɓa buga ƙwallo ba. Sun naɗa ni sakatare ne don na gama firamare, kuma don sun san ni da duba abu sau uku. Katin kowane ɗan wasa, mai hotonsa da hatimi, a hannuna yake. Ni ke miƙa wa rafali katunan kafin wasa, in sa hannu cewa waɗannan mutane su ne masu katin.

Muna rukuni na biyu a gasar yankinmu, kuma ƙungiya ɗaya tak ke hawa sama kowace shekara. Farkon kakar wasan mun sha kashi har mutanen kasuwa suka fara ce mana 'Yan Rariya. Abin ya juya ne ranar da muke ginin kwalbati. Wani lebura, Yohanna, yana tsaye cikin rami ana jefa masa kwanon sarki cike da siminti, yana cafewa ba ya zubar da ko ɗigo. Oga Lasisi ya tsaya yana kallo, can ya ce, "Kai Yohanna, wannan hannu naka ba na kwalbati ba ne. Gobe ka zo fili." Tun daga ranar ragarmu ta huta, sunansa kuma ya koma Danƙo. Muka riƙa hawa a hankali har ya rage wasa ɗaya, da ƙungiyar akawuna ta garin Abuja, a filinsu. In mun yi canjaras mun hau. In sun ci mu, su ne suka hau.

An so a yi wasan tun da wuri, ruwa ya cinye wata gada, aka ɗaga. Ranar Litinin takarda ta iso cewa an sa shi Asabar mai zuwa, ƙarfe huɗu. Na karanta na yi murna, na buɗe rajista don in duba mutanena. Ga rubutun hannuna, tun mako uku da suka wuce: Yohanna, izinin Asabar, aikin gonar suruki.

A al'adar mutanen wurin, saurayin da ke neman aure yakan yi wa uban yarinya noma. Tsohon ne ke sa rana, kuma ba a ɗaga ta. Yohanna yana neman wata yarinya, Saratu, a wani ƙauye bayan Kwali, kuma mahaifinta Baba Shekwolo ya sa huɗar doya a wannan Asabar ɗin.

Na kira Yohanna gefe. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam Haruna, in ban je ba, na rasa ta. Akwai wani ma yana nema."

Na kai wa Oga Lasisi maganar. Kyaftin ɗinmu, Garba direban tifa, yana wurin. Ya ce, "Wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. Na san wani gola a Minna, baƙi ne dogo kamar Danƙo. Hoton katin nan ko uwar Danƙo ba za ta gane shi ba. A ba shi katin kawai."

Oga ya sosa gemu, sannan ya dube ni. "Tankifa, yaya ka gani?"

Ban taɓa musa wa na gaba da ni ba, amma bakina ya riga ni. Na ce, "Oga, ni zan sa hannu a takardar. In rafali bai gane ba, ni na sani. Ba zan iya ba."

Garba ya ce, "To Malam Tsoro, sai ka shiga ragar da kanka."

Na ce a ba ni yini ɗaya. Washegari bayan an tashi aiki na ari keke na nufi ƙauyen, ina maimaita gaisuwar da zan yi har na kusa faɗawa rafi. Na tarar da Baba Shekwolo a ƙofar gida yana gyara ƙotar garma. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayanin rukuni da maki da canjaras, har na fito da takardar na nuna masa. Ya bar ni na gama tsaf.

Ya ce, "Malam, ƙasa ba ya san ƙwallo. Yanzu yana da laima. Ruwa ya ɗauke, kwana kaɗan zai bushe, garma ba zai shiga ba. In ɗaga rana, doya na kuma wa zai ɗaga masa?"

Na ce, "Gaskiya ne, Baba."

Ya ce, "Ni ban ce yaro ya kwana a gona ba. Gona na ce a gama. In ya gama da hantsi, ya tafi da hantsi. Amma da wa zai gama? Na tambaye shi mutum nawa zai kawo, ya ce biyu." Ya ɗaga yatsu biyu ya girgiza kai. "Mai neman 'yata, ina duba mutum nawa suke bin bayansa."

A kan keke ina dawowa na gane abin da ke cin Yohanna. Ba shi da dangi a wurin, kuma kunya ta hana shi roƙon kowa. Mu kuwa mutum ashirin ne da ba mu da sana'ar da ta wuce haƙar ƙasa.

Da na faɗa wa Oga Lasisi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ka ce 'yan wasa na su yi noma da safe, su buga final da yamma? Tankifa, kai ne mai hankali ko ni?" Amma ya yarda. Saura matsala ɗaya: Asabar muna aikin rabin yini, kuma na ce ba zan rubuta mutum yana kan hanya alhali yana gona ba. Sai aka shirya kowa ya ƙara awa biyu daga Laraba zuwa Juma'a, Oga ya sa hannu a rajista, sannan hankalina ya ɗan kwanta. Ɗan kaɗan dai. Kwana ukun nan ina ta lissafin abin da zai iya lalacewa: garma ta sare ƙafar wani, maciji, tifa ta mutu a hanya.

Ranar Asabar gari na wayewa tifa ta sauke mu a bakin gona. Da Yohanna ya ga mutane suna ta dirowa, Musulmi da Kirista, har da wani Bafulatani mai buga mana gefen hagu wanda bai taɓa riƙe garma ba, sai ya juya baya yana goge ido. Baba Shekwolo ya tsaya yana ƙirga mu da sanda. Makaɗan gayya suka sa ganga, aka ja layi, aka fara. Ni aikina biyu: duba agogo, da gadin tukunyar burkutu da matan gidan suka kawo. Na zauna kusa da ita na ce duk mai kati a aljihuna kunu zai sha. Wani tsoho ya ce wa Baba Shekwolo, "Wannan malami, matarsa tana haƙuri."

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ga saura da yawa, sai na tuɓe riga na karɓi garma. Kunya uku na yi. Baba Shekwolo ya zo ya duba su ya ce, "Wannan a bar shi haka, kada a gyara. Jikoki na su zo su ga aikin boko." Gona duka ta kwashe da dariya, aikin kuma ya ƙara sauri. Ƙarfe ɗaya saura kaɗan aka tayar da kunyar ƙarshe.

Muna hawa tifa sai tsohon ya ce shi ma zai je ya ga abin da ya sa manyan mutane suka yi masa noma a guje. Makaɗan suka biyo shi. Na zauna gaba kusa da Garba, duk motar da ta ɓullo sai in ce, "Dama, Garba, dama!" Ya ce, "Malam, ka bar ni da dama, ka ji da agogonka." Doka ita ce in huɗu ta wuce da minti goma sha biyar ba ku fito fili ba, an ba abokan karawarku wasa. Mun shiga huɗu da minti shida.

Akawuna suna tsaye fes da takalmansu masu ƙusa, suna toshe hanci. Sakatarensu ya ce sai an gwada kowane kati da fuskar mai shi. Da aka zo kan Yohanna, rafali ya daɗe yana duban hoton yana duban mutumin, domin jar ƙasa ta rufe masa fuska. Na ciro hankicina na goge shi kamar ɗan yaye. Rafali ya ce, "Shi ne." Na waiwaya na dubi Garba. Ya ɗauke kai yana kallon sama.

Ba zan ce mun buga ƙwallo mai kyau ba. Bayan hutun rabin lokaci ƙafafun mutanenmu suka yi nauyi, kowa ya koma gida yana tsaro. Akawuna suka yi ta ruwan ƙwallo, ta sama, ta ƙasa, ta kwana. Danƙo yana cafewa kamar kwanon sarki. Baba Shekwolo ya tsaya a bayan raga da makaɗansa, duk lokacin da Yohanna ya kama sai ganga ta tashi. Ya tambaye ni me ya sa sauran ba sa taimaka masa da hannu, na ce doka ce. Ya ce, "Mugun doka." Agogona ya nuna lokaci ya cika, rafali bai busa ba. A cikin wannan ƙarin ne wani dogon akawu ya sa kai, ƙwallo ta nufi lungun raga, na rufe ido. Ganga ce ta gaya mini abin da ya faru. Ina buɗe ido aka busa usur, babu ci.

Mutanenmu suka ɗaga Yohanna sama, wasu kuma suka ɗaga ni, ina ta ihu a kula da katunan. Da aka sauke mu, Baba Shekwolo ya kama hannun Yohanna ya juya tafinsa ya duba. Ya ce, "Mutum ya tsaya a ƙofa tun la'asar bai bar komai ya shiga ba. Wannan zai iya riƙe gida. Ka turo manyanka." Yohanna ya ce ba shi da manya a kusa. Tsohon ya nuna ni da Oga Lasisi da sanda ya ce, "Waɗannan fa?"

Haka muka hau rukuni na ɗaya, haka kuma na zama waliyyin ango a auren da aka ɗaura a coci.

Abin da zan bar muku, ku masu riƙe rajista yanzu, shi ne wannan. Na yi mako uku da rubuta "aikin gonar suruki" ban tambayi Yohanna ko yana da mai raka shi ba, domin a ganina aikina ya ƙare a kan layin. Tun daga ranar, duk wanda ya zo neman izini, in na rubuta sai in ɗaga kai in ce, "Da wa za ka?" Har yau ina duba abu sau uku, wannan ba ta barina. Doyar kuwa ta yi kyau a shekarar da ta biyo baya. Da kaka Baba Shekwolo ya aiko mini da guda uku ƙanana, karkatattu, ya ce daga kunyoyina aka haƙo su.