Malama Hindu da Akwatin da Ya Ƙi Yin Ja

Ƙarfe bakwai da rabi keke ke sauke Malama Hindu a ƙofar ƙaramin asibitin unguwarmu, nan Runjin Sambo. Kafin ta cire mayafi sai ta ɗora wani dutse nata mai kilo biyar a kan ma'auni, ta tabbatar bai fara ƙarya ba. Duk yaron da aka auna, sau biyu take rubuta nauyinsa: a babban littafi da biro, sannan a jadawalin Excel da yatsa biyu, don da furfurarta ta koyi kwamfuta. Shekara ashirin da shida tana riƙe da bayanan yara. Watan jiya ta yi ritaya, ko ruwan leda ba a raba ba.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma raina a ɓace yake.

Bara ɗiyata Wasila, tana da wata goma sha huɗu, ta yi gudawa ta rame. Kowace Alhamis ana auna yara a shigar cikin jadawalin. Akwai fomula da ke haɗa nauyi da tsawo: in yaro ya faɗa tamowa akwatinsa ya koma ja, sunansa ya fito cikin masu karɓar abincin tamowa na leda. Mako uku ina zuwa, mako uku akwatin Wasila kore shar.

Na samu jami'in shirin, Malam Gazali, na ce, "Malam, dubi hannunta. Awarwaron ga da ƙyar yake juyawa da, yanzu har gwiwar hannu yake kaiwa."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Maman Wasila, kwamfuta ba ta da dangi. Abin da anka ba ta shi take fiddawa. Ku dai kowacce so take ta tafi gida da leda."

A gaban mata ya faɗi haka, ni da na zo da ɗiya tana numfashi sama-sama a bayana.

Malama Hindu tana jin mu. Ta buɗe littafinta, ta karanto nauyin Wasila: bakwai da ɗigo shida, bakwai da ɗigo ɗaya, shida da ɗigo takwas. Ta jawo kwamfutar, ta goge nauyin Wasila, ta rubuta biyu. Akwati bai motsa ba.

"Gazali, ɗana, taho ka gani. Ga ɗiya mai kilo biyu, kazata ta fi ta nauyi, kwamfutarka ta ce lafiyarta lau. Sa hannu mu sallame ta."

Ya ce wataƙila an yi kuskuren rubutu. Ta ce to, a duba. Ta mayar da nauyin gaskiya, ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ko wani ya haɗa su da harafi har kwamfuta ta ɗauke su rubutu. Babu. Ta duba fomular, tana nan daidai. Sai ta leƙa inda ake zaɓar yadda jadawali zai yi lissafi, ta tarar an cire shi daga yin lissafi da kansa, an bar shi sai an umarce shi. Ta danna F9, maɓallin da ke umartar sa ya yi lissafi. Akwati goma sha ɗaya suka yi ja a gaban idonmu, na Wasila na uku.

Nan Malam Gazali ya tuna. Kwamfutar tana nauyi, shi ne ya kashe lissafin gaba ɗaya mako shida da suka wuce, da niyyar zai riƙa dannawa kafin ya buga takarda, ya manta. Duk sabon layin da aka kwafo daga na sama, da korensa yake tahowa. Mantuwa ta ɗan Adam ce, na yarda. Abin da ban yafe ba shi ne mutum ya ga yarinya ta zama ƙashi da fata ya gaskata allo, ya ƙaryata uwa.

Malama Hindu, ke ce ba ki tsaya jin haƙurinsa ba. Kin mayar da lissafin yadda yake, kin kira asibitoci biyun da aka kwafa wa fayil ɗin. Habiba mai shara ta shaida mini cewa a wannan ranar, da kuɗin kekenki kika bi gidajen yaran goma da suka riga suka tafi, har Dundaye. Ke ce ma'aunin da ba ya duban fuska. Da rahoton shekara ya fito, an rubuta wai "an inganta tsari". Tsari ne ya je Dundaye da rana tsaka?

Na gode, Inna Hindu. Allah Ya saka miki, Ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku kuma masu zama gaban jadawali, ku koya daga gare ta. Kafin ku buga takarda, ku canza lamba ɗaya ku ga ko sakamako ya motsa. In uwa ta ce ɗanta ya rame, ku ɗago ku dube shi.

Makon jiya na kai Wasila gidan Malama Hindu ta gaishe ta. Ta tambayi awarwaron. Na ce mun kai wa maƙeri ya yanke shi, don yanzu ya matse mata hannu.