Larabcin Birki Na Ranar Idi Ne

Shekarunsa sittin da uku, tsohon direban bas ne, kuma kowa Birki yake kiransa. Yana da mata ɗaya, 'ya'ya shida, da kujerar roba a ƙofar gida wadda ba mai hawanta sai shi.

Surukuta ce ta haɗa shi da Larabci. Autarsa ta auri ɗan wani mai kemis da ya daɗe yana aiki a ƙasar Larabawa. A wajen ɗaurin auren Birki ya ga yadda mutane ke miƙa wuya duk sanda mai kemis ya jefa kalmar Larabci. Abin ya tsaya masa a rai.

Ya sa aka zuba masa darussa a waya. Darasin farko, na faɗin suna, ya ce na 'yan firamare ne. Ya tsallake ƙirga, ya tsallake kasuwa da asibiti, ya sauka a babin bukukuwa. A lissafinsa ranar Idi surukai za su zo gaisuwa, kuma direban kirki ba ya tsayawa inda ba fasinja.

Gidan ya ji jiki. Jinjirin wata ya koma hilal, rago kabshu, kyauta hadiyya.

"Baban yara, ruwan wankanka na hucewa," in ji matarsa.

"Ce mini mubarak tukuna."

"Mubarak. Bokitin ma mubarak."

Ranar Idi falo ya cika. Birki ya miƙe, ya gyara hula, ya kwararo gaisuwar shekara ba tuntuɓe. Idon mai kemis ya ciko da ƙwalla, ya ce tun dawowarsa gida bai samu abokin hira ba sai yau. Sai ya ɓalle da Larabci, ya ƙare da tambaya. Birki ya laluba rumbun kalmominsa, ya tarar da rago da jinjirin wata. Ya yi tari, ya ce ana nemansa a waje.

Mai kemis ya bi dangi yana cewa surukinsa malami ne mai ɓoye kansa. Yanzu duk mako sai ya zo hira. Idi ya wuce, kalmomin Birki sun zama kayan da kasuwarsu ta tashi. Birki ya gwada ƙaryar ciwon haƙori, ya manta sana'ar mutumin. Mai kemis ya kawo magani, ya yi bayanin shansa da Larabci.

"Ka gaya masa gaskiya mana," in ji matar.

"In ce wa mai sayar da maganin tari ya fi ni? A gaban 'yata?"

"To ci gaba da ciwo. Haƙoran ma sun kusa ƙarewa."

Jiya da la'asar Birki ya hango motar mai kemis ta shawo kwana. Ya tashi ya shige banɗaki da wayarsa. Baƙon ya ce ba ya sauri, ya zauna a kan kujerar roba, aka kawo masa ruwa. Daga bayan ƙofa matar ta jiyo Birki ƙasa-ƙasa yana bin darasin farko, yana koyon faɗin sunansa.