Taɓaryar Naomi

Tsoro ya kama Naomi ne a daidai lokacin da nas ta daina hira. Tun shigarta matar ke tsokanarta wai ta cika ɗakin da ƙamshin man kaɗanya, sai kawai ta yi shiru, ta gyara fitila, ta leƙa waje ta kira wata. Naomi fa man kaɗanya ta kawo sayarwa Birnin Gwari daga Randagi. Hassana, ƙawarta da ke sarar man a wurinta, ita ta ja ta zuwa gwajin bakin mahaifa da ake yi wa mata.

"Ba cutar kansa ba ce," in ji nas ɗin. "Amma akwai wani ɗan wuri da in aka bar shi haka, can ya dosa."

A Kaduna aka yanke ɗan wurin, bai fi kan yatsa ba. Likita ya ce ta riƙa dawowa gwaji. Ya kuma ce bakin mahaifar ya ragu, in ciki ya zo yana iya kasa riƙe shi.

Duk Randagi an san Naomi da daka. Taɓaryarta ta icen ƙirya ce, gadon uwarta, kuma ita ke tashin unguwa kafin zakara ya gama shawara. Ko da 'yan bindiga suka raba mata da tsintar kaɗanya a cikin daji, ba ta zauna ba, ta koma bin itatuwan bakin gona. Shekaru suka shuɗe, duk gwajin da ta je sai a ce wurin lafiya lau. Tun daga kan babur take ɗaga hannu tana shelar sakamakon, mata na yi mata guɗa.

Sai ciki ya zo, ya zube a wata na biyar. Wannan karon taɓaryar ta daɗe a jingine.

Da wani cikin ya samu bara, likita ya ɗinke bakin mahaifar da zare, kamar bakin buhu. Ya ce ba ɗaukar kaya, ba daka.

Ranar da suka dawo gida taɓaryar ta ɓace.

"Maigida, ina kayana?" ta tambayi mijinta Obed.

"Ta tafi hutu. Ta ce a gaishe ki."

Naomi ta shiga maƙwabta aro. Gida na farko aka ce tasu ta karye. Na biyu ma ta karye. A na uku tsohuwar gidan ta zauna a kan tata, tana rantsuwa ba ta taɓa mallakar taɓarya ba. Naomi ta yi dariya har da hawaye, ta dawo ta zauna, hannayenta na ƙaiƙayi.

Kafin damina ta cinye hanya Obed ya kai ta gidan Hassana a unguwar Magajin Gari da ke Birnin Gwari, kusa da asibiti. Duk inda suka tarar da rami sai ya sauke ta, ya tura babur, ita ta taka a hankali. Hassana kuwa ta fi likita tsanani.

"Ajiye tsintsiyar nan, sarkin rawar kai! Wallahi in kika zubar mini da ɗa sai na kai ƙararki wurin fasto."

Wata na biyar ya zo, Naomi ta kasa cin abinci. Ya wuce. Na shida ya wuce, na bakwai ma. Ɗan ya riƙa harbi har Hassana ta ce lallai wannan da taɓarya zai fito. Da aka shiga wata na tara aka cire zaren, likita ya ce yanzu ko yaushe ne.

Yau da hantsi naƙuda ta tashi. Naomi na kwance tana cije leɓe sai ta ji ƙarar babur, ta ji shewar Hassana. Ta tagar ɗakin haihuwa ta hango Obed, laka har gwiwa, da taɓaryarta ɗaure a bayan babur.

"Uwargida, ta dawo daga hutu!" ya ɗaga murya. "Ke kaɗai take jira!"

Naomi ta fara dariya, ciwo ya katse ta. Ungozoma ta ja labule.

Obed da Hassana suna zaune a bakin ƙofa. Har yanzu ba a ji kukan jariri ba.